Waiwaye: Yadda faibromayaljiya da kumburin ƙashin baya suka cakuɗe wa likitoci

Cututtukan nan biyu ba gida ɗaya suka taso ba. Kumburin ƙashin baya, wanda likitoci ke kira ankilosin sipondilaitis, ya daɗe da samun suna domin yana barin shaida a ƙashi: gaɓoɓin baya su manne, mutum ya ranƙwafe, in aka kira shi sai ya juyo da jikinsa duka. Likita Bekhterev ya bayyana shi a Rasha a 1893, Strümpell a Jamus a 1897, Marie a Faransa a 1898. A 1973 aka gano alaƙarsa da ƙwayar gado HLA-B27. Ƙa'idar New York ta 1984 kuma ta ce ba za a tabbatar da shi ba sai hoton ƙashi ya nuna lalacewa a mahaɗar gindin baya da ƙashin ƙugu. Ita kuwa lalacewar takan ɗauki shekaru kafin ta fito a hoto.

Faibromayaljiya ba ta da irin wannan shaida. Ciwo ne da ke mamaye jiki, da gajiya, da barcin da ba ya wartsakarwa, amma jini da hoto su fito lafiya ƙalau. Likita Gowers na Birtaniya ya raɗa mata suna faibrosaitis a 1904 bisa zaton kumburi ne. Da aka rasa kumburin, aka sauya sunan a 1976. Ƙa'idar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta 1990 ta ce: ciwo ko'ina na wata uku, sannan a danna wurare 18 da ƙarfin kilo huɗu, mara lafiya ya ji zafi a 11.

Rikicin ya kunno kai a 2009, lokacin da ƙungiyar ASAS, ta ƙwararrun duniya kan kumburin ƙashin baya, ta buɗe ƙofa don a kama kumburin tun kafin ƙashi ya lalace. Mai ciwon baya na wata uku, wanda ya fara masa kafin shekara 45, zai shiga ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko hoto, har da na MRI, ya nuna kumburi tare da alama ɗaya, ko a same shi da HLA-B27 tare da alamu biyu, ba hoto. Hanya ta biyun ce ta tayar da ƙura. Kusan 8 cikin 100 na Turawa suna ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwon komai ba, don haka aka ji tsoron masu faibromayaljiya za su kutsa ta nan a ɗora su kan allurai masu tsada. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da alluran ga waɗanda ƙashinsu bai nuna lalacewa ba a 2013. Sai a 2019 hukumar ta yarda da ɗaya daga cikinsu, certolizumab, da sharaɗin a ga shaidar kumburi a jini ko a MRI.

Bincike ya nuna inda aka sa ido ba nan ɓarakar take ba. A wani nazari da aka buga daga Jamus a 2018, cikin masu faibromayaljiya 100, biyu kacal suka cika ƙa'idar ASAS. Akasin haka ne ya yi yawa: rajistar masu kumburin baya ta Birtaniya ta samu a 2017 cewa kusan ɗaya cikin biyar ya cika ƙa'idar faibromayaljiya. Wato mutum ɗaya, cuta biyu. Gyaran ƙa'idar faibromayaljiya na 2016 ya riga ya amince da haka, ya ce samun wata cuta ba ya kore faibromayaljiya.

A ma'auni ne abin ke lalacewa. BASDAI, wanda aka tsara a garin Bath a 1994, tambayoyi shida ne da mara lafiya ke amsawa da kansa daga 0 zuwa 10: gajiya, ciwon baya, ciwon gaɓɓai, wuraren da ke zafi in an taɓa, da tsanani da tsawon sanƙarewar safe. Maki 4 ya isa a ce cuta na ci. Babu ɗaya daga cikin tambayoyin da faibromayaljiya ba za ta cika ba. Haka danna jiki: wuraren da ake duba kumburin mahaɗar jijiya da ƙashi, kamar bakin haƙarƙari a ƙirji, gwiwar hannu da gefen ƙugu, kusan su ne wuraren zafin faibromayaljiya. Sai maki ya ƙi sauka bayan mako 12, a ce allura ta gaza, a canza wata, alhali kumburi ya lafa tuni. Kuma alluran ba ruwan sha ba ne, suna iya tayar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da ke kwance. Ma'aunin ASDAS ya fi dama-dama tunda yana haɗawa da gwajin jini na CRP mai nuna kumburi, ko da yake shi ma akasarinsa amsar mara lafiya ce.

Kuskure na biyu ya fi faɗa wa mata: a liƙa musu faibromayaljiya a rufe fayil, kumburi na ci a ɓoye. Tambayoyi ƙalilan ke raba gardama. Ciwon yana tashe ta a ƙarshen dare? Sanƙarewar safe tana wuce minti 30? Motsi yana sassauta shi, kwanciya ba ta yi? Maganin kumburi irin naproxen ya yi aiki cikin kwana biyu? An taɓa yin jan ido mai zafi, ko kumburin agara, ko zawo mai jini? CRP mai kyau ba ya wanke mutum, domin kusan rabin masu cutar nasu ba ya hawa. MRI ma yana ruɗi, yakan nuna tabo ga mai jego da 'yan gudu.

HLA-B27 kuwa ba abin dogaro ba ne sosai a Afirka ta Yamma, inda ƙwayar ke da ƙaranci. Wani nazari na 1997 a Gambiya ya same ta a kusan 6 cikin 100 na Fulani, amma bai ga mai cutar ko ɗaya ba.

In an tabbatar biyun suna tare, kowacce da maganinta. Kumburi a bi shi da magungunansa. Faibromayaljiya ba ta jin su. Abin da ta fi ji shi ne motsa jiki da ake ƙarawa sannu a hankali, gyaran barci, da amitriptyline miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko duloxetine, ko pregabalin, bisa umarnin likita.