Wai mece ce "yummy" ɗin nan da ta cika mana waya?

Yanzu duk mai sayar da abinci a Instagram ko status ɗin WhatsApp sai ta liƙa yummy a ƙasan hoto, samosa yummy, dambun nama yummy, zoɓo ma bai tsira ba, har a tallan rediyo ana jan ta da murya. Daɗi ake nufi, wannan kowa ya sani.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ɗaukarta kamar wani babban Turanci na 'yan gayu, alhali maganar yara ce fa. Daga yum ta fito, ƙarar nan da mutum ke yi baki a rufe in santi ya kama shi, tun ƙarshen ƙarni na 19 take yawo a Turanci. Uwa ce ke cewa yummy tana lallaɓa yaro ya buɗe baki a ɗura masa koko. Babba kan faɗa cikin raha, amma gaban manya delicious ake cewa, ko tasty.

'Yan kasuwar Amurka dai sun ci moriyarta, kamfanin da ya mallaki KFC, gidan sayar da soyayyun kaji, sunansa ma Yum! Brands. Kuma KFC ɗin ne ya yayata finger lickin' good tun shekarun 1950, wato daɗi har da suɗe yatsu, sai ga korona a 2020 ana ta shelar a wanke hannu kar a kai shi baki, dole suka jingine taken na ɗan lokaci. Abin dariya, su da ke ci da cokali mai yatsu suɗe hannu har abin talla ne, mu masu tuwo da miyar kuka kullum ne.

Abincin da a hoto kawai ka gani ai mouth-watering ya fi dacewa da shi, ya tsinka maka yawu, harshenka bai shaida komai ba tukuna.

Sai sweet, wadda ta fi rikita mutane. A Turancin Najeriya komai mai daɗi sweet ne, amma wajen Bature zaƙi ne zalla. Ka ce masa farfesun kayan ciki sweet ne, zai ɗauka sukari aka zuba a ciki.