Littattafan Lantarki na Kyauta da Doka ta Halatta

Littattafan lantarki na kyauta da doka ta halatta su ne waɗanda mutum zai iya saukewa daga intanet zuwa wayarsa ko kwamfutarsa ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma ba tare da ya taka haƙƙin marubuci ko na kamfanin da ya buga littafin ba. Sharuɗɗan nan biyu ba kullum suke haɗuwa ba. Intanet cike take da littattafan da ba a biyan kuɗi kafin a sauke su, amma da yawa daga cikinsu satar fasaha ce. Ta hanya uku littafi ke zama kyauta a halasce: ko dai wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ko mai shi ya yafe, ko kuma ɗakin karatu ya ba da aronsa.

Littattafan da wa'adinsu ya ƙare

Haƙƙin mallaka ba ya dawwama. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda aka fara rattaba wa hannu a 1886, ta tanadi cewa mafi ƙarancin wa'adi shi ne tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa. Ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya da wasu da dama sun ɗaga shi zuwa shekara 70, Meziko kuwa ta kai shi 100. Amurka na da nata lissafin game da tsofaffin littattafai: shekara 95 daga shekarar da aka buga su. Shi ya sa a ranar 1 ga Janairun 2025 littattafan da aka buga a 1929 suka zama mallakar kowa da kowa a can.

Rumbu mafi daɗewa na irin waɗannan littattafai shi ne Project Gutenberg. Michael Hart ne ya fara shi a 1971, yana ɗalibi a Jami'ar Illinois, lokacin da ya zauna ya buga takardar ayyana 'yancin kan Amurka a kwamfutar jami'ar domin kowa ya samu. Shekaru da dama aikin yana tafiyar hawainiya, domin da hannu ake kwafar kowane littafi. Abin ya sauya bayan an kafa Distributed Proofreaders a 2000, inda masu aikin sa kai ke raba shafukan da aka ɗauki hotonsu, kowa ya gyara kurakuran nasa kason. A yau rumbun na ɗauke da littattafai sama da 70,000, galibinsu da Turanci. Standard Ebooks kan ɗauko irin waɗannan rubuce-rubuce ta sake tsara su da kyau, LibriVox kuma, tun 2005, masu sa kai ne ke karanta su da murya domin saurare. Akwai Wikisource da aka buɗe a 2003 cikin harsuna masu yawa, da Gallica ta Babban Ɗakin Karatu na Faransa, wadda ta soma aiki a 1997.

A nan ne masu karatu suka fi yin tuntuɓe. Dokar ƙasar da mai saukewa yake ciki ita ke aiki a kansa, ba dokar ƙasar da shafin yake ba. Project Gutenberg dokar Amurka yake bi, kuma shi da kansa yana gargaɗin mutanen wasu ƙasashe da su duba tasu dokar. A 2018 wata kotu a Jamus ta yanke hukunci a kansa saboda littattafai 18 da suka fita daga wa'adi a Amurka alhali ba su fita a Jamus ba, sai shafin ya toshe ƙasar baki ɗaya har zuwa 2021. Haka kuma fassara na da nata haƙƙin daban. Littafin da marubucinsa ya rasu tun ƙarni biyu da suka wuce yana iya zama na kowa, amma fassararsa da aka yi shekaran jiya ta mai fassarar ce, kamar yadda sabuwar gabatarwa ko sharhin da aka ƙara masa suke na masu su.

Waɗanda masu su suka yafe

Sabon littafi ma yana iya zama kyauta idan mai shi ya so. Ƙungiyar Creative Commons, wadda Lawrence Lessig da abokan aikinsa suka kafa a 2001, ta fitar da lasisi iri-iri a 2002 domin marubuci ya bayyana iyakar abin da ya yarda a yi da aikinsa. Alamar BY na nufin a ambaci sunansa, NC na hana kasuwanci da littafin, ND na hana sauya shi, SA kuma na wajabta wa wanda ya sauya ya saki nasa aikin bisa sharaɗi iri ɗaya. Ga mai karatu kawai, duk ɗaya ne: zai sauke, zai kuma iya tura wa wani. Bambancin yana fitowa ne ga wanda ke son fassarawa ko bugawa ya sayar.

Ɗalibai su suka fi cin moriyar wannan ƙofa. OpenStax ta Jami'ar Rice ta fara fitar da littattafan karatun jami'a a 2012, a fannoni irin su lissafi, kimiyyar halittu da tattalin arziki, kuma masana ne ke tantance su kafin a sake su. Kundin DOAB yana tattara dubban littattafan bincike da kamfanonin ɗab'i na ilimi suka buɗe wa kowa. Ga yara akwai African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta kafa, mai ɗauke da labarai masu zane cikin harsunan Afirka da yawa har da Hausa, da kuma StoryWeaver na Pratham Books a Indiya.

Aro

Ɗakunan karatu da yawa suna sayen lasisin littattafan lantarki su riƙa ba wa mambobinsu aro ta manhajoji irin su Libby. Littafin yana da kulle na fasaha, da zarar kwanakin aro sun cika sai ya daina buɗuwa. Sai mai katin laburaren da ke cikin tsarin ne ke amfana.

Internet Archive, cibiyar adana littattafai da bayanai a intanet da Brewster Kahle ya kafa a 1996, ta bi wata hanyar: tana ɗaukar hoton littafin takarda da ta mallaka, ta ba mutum ɗaya aro a lokaci ɗaya ta sashenta na Open Library. A Maris ɗin 2020, lokacin kullen korona, ta ɗage wannan iyaka, sai manyan kamfanonin ɗab'i huɗu, ciki har da Hachette, suka maka ta a kotu. Ta sha kaye a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2024, kuma an cire littattafai fiye da 500,000 daga jerin na aro. Tsofaffin da wa'adinsu ya ƙare suna nan ana saukewa. Sai dai tun da kowa na iya ɗora fayil a rumbun, samun littafi a ciki ba hujja ba ce ta halaccinsa.

Shafukan satar fasaha da nau'in fayil

Library Genesis da Z-Library suna rarraba miliyoyin littattafai ba da izinin masu su ba, kuma a Nuwamban 2022 hukumomin Amurka suka ƙwace adiresoshin Z-Library da dama. Gane irinsu ba wuya: littafin da ya fito bana, ana sayar da shi a ko'ina, amma ga shi kyauta ba tare da bayanin lasisi ba. Wasu shafukan ma littafin tarko ne kawai, sukan nemi lambar katin banki ko su sa mutum ya sauke manhaja mai ɗauke da cuta.

Yawancin rumbunan halas suna ba da zaɓi tsakanin PDF da EPUB. PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, yana riƙe shafi yadda aka buga shi, don haka ya dace da littafi mai jadawali da zane, amma yana gajiyar da ido a ƙaramar waya. EPUB, wanda ya fito a 2007, rubutunsa yana daidaita kansa da girman fuskar na'ura, kuma fayil ɗinsa bai cika nauyi ba idan aka kwatanta da littafin da aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya. Manhajar Calibre, wadda ita ma kyauta ce, tana juya fayil daga wani nau'i zuwa wani, muddin ba a sa masa kulle ba.