Zuwa Sagada da jakar goyo: tambayoyi da amsoshi kan shiga kogo

Ina ne Sagada, kuma me ke kai mutane can?

Ƙaramin gari ne a kan tsaunukan arewacin tsibirin Luzon, ƙasar Filifin, kimanin mita 1,500 sama da teku. Mazaunansa 'yan ƙabilar Kankanaey ne, a ƙidayar 2020 sun ɗan haura dubu 11. Daga Manila, babban birnin ƙasar, bas kan kwana a hanya, kusan awa 12. Daga birnin Baguio kuwa awa biyar zuwa shida. Masu yawo da jakar goyo suna zuwa ne don sanyin wurin, da arhar masauki, da kogwannin da ruwa ya sassaƙa cikin dutse a tsawon zamani.

Yaya cikin kogon yake?

Mafi shahara shi ne Sumaguing. Da farko gangara ce mai santsi, duwatsun duk sun sha kashin jemage, kana jin kukan jemagun a sama ba ka ganinsu. Ɗan jagora yana gaba da fitilar kananzir mai famfo. In an yi nisa sai ya ce a tuɓe takalmi, domin dutsen wurin ya fi kama tafin ƙafa. Ruwa mai sanyi na malala a kansa, wani wurin har ƙugu, wani wurin sai an kama igiya. Inda babu matakala, ɗan jagoran kan kafa gwiwarsa ya ce ka taka. Nan za ka san rayuwarka na hannun wanda ka haɗu da shi ɗazu-ɗazu.

Mai ƙarfin hali na iya shiga ta kogon Lumiang ya ɓulla ta Sumaguing, tafiyar awa uku zuwa huɗu da rarrafe ta matsattsun ramuka. Mai tsoron matsi ya haƙura da wannan.

Zan iya shiga ni kaɗai?

A'a. Dokar garin ce baƙo ya yi rajista, ya biya kuɗin kula da muhalli, ya ɗauki ɗan jagora.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da damina ruwa kan cika kogo ba sallama, ko da a bakinsa ba a ga ɗigo ba. Wanda ya tuna yaran nan 12 da kocinsu da ruwa ya ritsa da su a kogon Tham Luang na Tailan a 2018 ya san abin da nake nufi.

Gaskiya ne akwai gawarwaki a wurin?

Gaskiya ne, kuma nan nake so a tsaya. A bakin Lumiang akwai akwatunan gawa fiye da 100 a jibge kan juna, an fafe su daga kututture. Gajeru ne, saboda akan naɗe mamaci kamar yadda jariri ke kwance a cikin mahaifiyarsa. A kwarin Echo kuma an rataye wasu a jikin dutse. Mu da ke binne namu a ƙasa abin zai ba mu mamaki, amma kakannin mutanen garin ne a ciki, har da na ɗan jagoran da ke riƙe maka fitila. Ban ga dalilin da baƙo zai taɓa akwati, ko ya jingina da shi yana dariya don hoto ba. Yadda za ka shiga maƙabartar garinku, haka za ka wuce ta wurin.

Me zan sa a jaka?

Kaɗan. Rigar sanyi, kayan canji, silifa mai kama ƙasa, leda don waya, da tsabar kuɗi. Babbar jakar a bar ta a masauki, hannu biyu ake buƙata a kogo.

Abinci fa, ga Musulmi?

A yi tambaya kafin a ci. Akwai naman alade da suke kyafewa da gishiri, sunansa etag, ana jefa shi cikin miya har da farfesun kazarsu da ake kira pinikpikan, wadda ita ma ba yankan Musulunci ake yi mata ba. Shinkafa, ƙwai, kayan lambu da gahawar da ake nomawa a garin suna nan wadatacce.