Idan bakanike yace maka "fuwal fam ya yi wik", ga abinda yake nufi

Babu wanda zai daɗe yana jan mota a garin nan na Zariya bai ji wannan maganar ba. Mota ta fara fizga a hawan gadar Kwangila, ko ta mutu maka a cunkoson PZ da tsakar rana, ka kira bakanike yazo ya taka totur sau biyu ya kasa kunne, sai kaji yace "Alhaji fuwal fam ne, ya yi wik." Daga nan kuma sai maganar kuɗi. Wani lokacin gaskiya ya faɗa, wani lokacin canki-canka ne kawai, kuma mai mota bashi da yadda zai bambance saboda bai ma san me aka ce ya lalace ba.

Fuwal fam dai shine famfon da yake turo fetur daga tanki zuwa inji. A motocin da, irin su Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, a jikin inji yake, injin ne ma yake motsa shi, akwai wata fatar roba a ciki da take sama da ƙasa tana zuƙo mai tana zubawa kabireta. Ƙarfin turawarsa bai kai ko bar 1 ba (bar ma'aunin matsi ne), kuma ya wadatar, tunda kabireta so take kawai a cika mata ɗan kofinta. Motocin yanzu masu injekta ba haka suke ba, famfonsu na lantarki ne kuma a cikin tanki yake zaune tsamo-tsamo a cikin fetur, kamar dai sumo na bohol. Fetur ɗin da yake ratsa shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma yake masa aikin man shafawa, in ya yi ta juyawa ba mai sai ya ƙone.

To meye wik ɗin? Famfo bai mutu ba, yana juyawa, zaka ji ƙararsa, in an cire tiyo ma zaka ga mai yana zuba, amma matsin da yake turo man da shi, wanda makanikai ke cewa furesha, ya gaza abinda injin yake buƙata. Nozul, wato bakin da mai ke shiga inji ta cikinsa, ba zuba mai yake ba, feshi yake yi, kuma feshin baya yin kyau sai da matsi a bayansa. Yawancin motocin fetur masu injekta tsakanin bar 3 zuwa 4 suke aiki, Corolla da Camry na shekarun 2000 misali psi 44 zuwa 50 Toyota ta rubuta musu, wato wajen bar 3 zuwa 3 da rabi. In matsin ya sauka, motar zata tashi lafiya ta yi silo lafiya tunda ɗan mai kaɗan take sha a lokacin, amma da ka ɗebi mutane ka kunna AC ka hau titin Kaduna kana son wuce tirela, ka taka sai kaji ta noƙe kamar an riƙe ta ta baya, wani lokacin har ta yi tari ta cikin bonet. Wata kuma sai ta yi zafi take mutuwa, ka tsaya ka sha iska na ɗan lokaci ta tashi kamar ba ita ba. Wata da safe ne sai ka daɗe kana kiki, saboda akwai wani ɗan bawul a cikin famfon da yake hana mai komawa tanki bayan ka kashe mota, in ya saki sai layin ya wayi gari babu matsi.

Abinda yake damuna a nan shine, duk waɗannan alamomin da na lissafa babu ɗaya da famfo kaɗai ke kawowa. Filta in ta toshe haka mota take yi. Rariyar nan da ke gindin famfo in laka ta liƙe ta haka take yi, har ma kaji famfon yana kuka daga kujerar baya. Regileta in ya lalace yana sakin mai ya koma tanki, matsi zai faɗi alhali famfo garau yake. Rilai mai ƙonannen baki, ko wayar as da ta yi tsatsa, zasu sa wutar da take isa famfon ta gaza bolt 12, sai ya riƙa juyawa a kasalance, ka saka sabo fil ma haka zai yi. Sannan ga waɗanda basu da alaƙa da mai kwata-kwata, fulogi, kwayil, indomin salansa (matatar hayaƙin da ke cikinta) da ya toshe, da kuma sensan kiranshaf, mai gaya wa kwamfutar mota juyin inji, wanda shi kam ya ƙware wajen kashe mota in ta yi zafi ya barta ta tashi in ta huce. Nawa aka saya famfo a banza saboda wannan sensan, Allah kaɗai Ya sani.

Shi yasa kalmar wik bata da amfani sai an haɗa ta da lamba. Akwai geji na auna furesha, ba wani abu ne mai tsada ba, ana ɗaura shi a layin man da ke shiga wajen nozul, a tada mota a karanta, a taka totur a ga ko allurar zata tsaya ko zata faɗi, a kashe mota a jira a ga ko matsin zai zauna ko zai zube nan take. Aikin 'yan mintuna ne. In bakanikenka yace wik ne, ka tambaye shi cikin mutunci, "Oga nawa geji ya nuna, nawa kuma ya kamata ya nuna?" Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, wanda bashi da gejin kuma ai garejin Sabon Gari da Tudun Wada ba'a rasa mai shi, a aro ko a kai motar. Gwajin da aka saba yi na cire tiyo a zuba a gorar ruwa a ce "kaga mai na zuwa" ko "kaga baya zuwa da ƙarfi", yana nuna yawan man ne kawai ba tare da wani abu ya tare shi ba, famfon da ya gaji ma zai iya cika gora.

Kafin ma a kai ga geji akwai abinda kai da kanka zaka iya. Murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma kada ka yi kiki, a motoci da yawa zaka ji zzzz daga wajen tanki na kamar daƙiƙa 2 sannan ya yi shiru. Sai dai a kula, Toyota da yawa basa wannan sai ana kiki, don haka shirun Corolla ba hujja bace. In babu ƙara ko kaɗan a fara da fiyus da rilai, a kira rewaya ya auna wuta a soket ɗin famfon. In kuma an bubbuga ƙasan tanki mota ta tashi, to wannan kam famfon ne, gawayin cikinsa ya cinye, zai kai ka gida amma kada ka kama hanyar Kano da shi. Kwamfutar duba mota ma tana taimakawa, cikin lambobin da take nunawa P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0171 iska ta fi mai yawa, P0230 matsala a layin wutar famfo. Amma ko P0087 ɗin cewa yayi matsi ya faɗi, bai faɗi waye ya kada shi ba.

Wani abu da nake roƙon mutane su daina yarda da shi shine a yi wa famfo dairek, wato a tsallake rilai a haɗa shi kai tsaye da makulli. Kwamfutar mota an tsara ta ne ta yanke wa famfo wuta da zarar inji ya tsaya, in Allah Ya kawo tsautsayi aka yi hatsari tiyo ya fashe, famfon dairek zai cigaba da feso fetur a kan inji mai zafi. Wallahi kuɗin rilai bai kai wannan kasadar ba.

Me yake kashe famfo a wajenmu? Datti da yawo a riza. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 yawancinmu na dubu kaza muke sha, allura kullum tana kwance a ja, kuma ba laifin kowa bane, halin da ake ciki ne. Amma famfon da ya kamata ya nutse sai ya zama rabinsa a waje, a kwana ko a gargada yana zuƙar iska. Ga man jarka na 'yan bumburutu da baka san me ya zauna a gindinta ba, ga ƙurar hunturu, ga ruwa da ke shiga tankunan ƙasa da damina. Masu mota basu manta da man nan mai sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba. In da hali kada mai ya riƙa sauka ƙasa da kwatan tanki.

To an auna, an tabbatar famfon ne, wanne zaka saya? A nan ma lambar ce zata yi maka jagora, ba kamanni ba. Famfuna da yawa tsayinsu ɗaya kaurinsu ɗaya, mai shago zai ce maka "duk ɗaya ne maigida, yana shiga." Eh yana shiga, amma ɗauki Golf 3 da 'yan tasha suke ji da ita, akwai mai nozul ɗaya a sama kamar kabireta wadda wajen bar 1 take aiki, akwai mai nozul 4 wadda take son wajen bar 3, in ka saka wa ta biyun famfon ta farkon ka sayi wik sabo a kwali. Motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu rubutun GDI ko FSI, su famfo biyu gare su, na tanki da wani a jikin inji da yake kai matsi sama da bar 100, sai a tabbatar wanne ne ya gaza kafin a kashe kuɗi. Ka tafi da tsohon famfon a hannu, da lambar jikinsa, da shekarar mota da lambar inji.

Toyota da Honda yawanci Denso suke zuwa da shi, motocin Turai kuma Bosch ko VDO, amma sunan da ke kan kwali ba komai bane yanzu, jabu ya cika kasuwa tun daga nan har Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma in kaji farashin ya yi araha da yawa to ka san dalili. Ni a ganina tokumbo na asali da aka ciro daga mota ya fi sabon da ba'a san uwarsa ba, da sharaɗin mai shago ya yarda in an ɗaura geji bai kai ba zaka dawo masa da shi. Wancan gwajin da suke yi na taɓa shi a batir ya yi fiii, juyawa kawai ya nuna, kuma juya shi a bushe ma cutar da shi yake. In gidan famfon ya tsage ko fulot ɗin gejin mai ya lalace, sayi kamfilit, in lafiyarsu ƙalau injin famfon kaɗai ya isa.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wajen in zaka iya. A cire kan batir, a yi a fili inda iska ke kaɗawa nesa da mai walda da mai shan taba. A leƙa cikin tankin, in da laka ko tsatsa a sauke shi a wanke, a saka sabuwar rariya, a canza filta in motar mai filta a waje ce, ɗan guntun tiyon da ke cikin tanki kuma ya zama irin wanda aka yi don zama cikin fetur, don na gama-gari kumbura yake ya fashe. Robar murfin ta zauna daidai, in ba haka ba duk ranar da ka cika tanki warin mai zai cika maka mota. In an gama a sake ɗaura gejin nan kafin ka biya kuɗin aiki.