Waiwaye: Shekaru huɗun da ake tsallakewa a maganar diyyar bauta

Tun bayan taron ƙasashe rainon Ingila a Samoa a watan Oktoban 2024, maganar diyyar bauta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na gani kamar rana tsaka ƙasashen Karibiyan suka tayar da ita, alhali tushenta ya kusa shekara 200.

Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, ta yi dokar 'yantarwa a 1833, aka biya iyayengiji fam miliyan 20. Bayi kusan 800,000 ko sisi ba su gani ba. Wannan kowa ya sani.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1834 zuwa 1838. Ranar 1 ga Agustan 1834, a yawancin yankunan Karibiyan da ke ƙarƙashin Birtaniya, yara 'yan ƙasa da shekara 6 ne kawai suka samu 'yanci nan take. Sauran aka ce 'yan koyon aiki ne (wanda ya yi furfura yana saran rake, me kuma za a koya masa?), za su yi wa tsohon ubangida aikin sa'a 40 zuwa 45 a mako ba lada. Aka naɗa alƙalai na musamman su sa ido, da farko kusan 100, da yawansu tsofaffin hafsoshin soja, a kan fam 300 a shekara. Daga ciki mutum zai ci, ya ciyar da doki, ya yi ta zagayen gonaki masu nisa. In dare ya riske shi, sau da yawa masaukin da ke kusa shi ne gidan mai gonar da aka kawo ƙararsa. A gidajen horo na Jamaika kuwa, ana ɗaure hannun mai laifi a sama, ya yi ta taka wata na'ura mai juyawa. In ƙafa ta kuɓuce, matakalar ta kwaye masa ƙwauri.

A ganina, an gina sa idon ne a kan kada noman rake ya tsaya. Wa zai mallaki fili, ina tsoho zai kwana in ƙarfi ya ƙare, duk ba su shiga lissafi ba. Shi ya sa da aka soke tsarin a 1838, a wurare da dama aka fara neman kuɗin haya a kan bukkokin da mutane suka daɗe a ciki da 'yan gonakin doyarsu. Tallafin karatun 'yantattun bayi da aka fara a 1835 ma ya tsaya a 1845.

A jerin buƙatun diyya 10 da CARICOM, ƙungiyar ƙasashen Karibiyan, ta fitar a 2014, har da yaƙi da jahilci da kula da lafiyar jama'a.