Daga yaro ɗaya zuwa ma'aikata 25: abin da doka ke nema daga mai gida a Jos

Yawancin ɗaukar aiki a Jos da baki ake gama shi. Mai gidan burodi a Dilimi ko mai shagon kayan gini a Katako zai ce wa yaro "ka zo ran Litinin", a yanka albashi, shi ke nan. Ana zaune lafiya har ranar da aka ɓata, sannan kowa ya tuna maganar yadda ta fi masa daɗi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta hana yarjejeniyar baka ba, amma sashe na 7 ya wajabta wa mai gida ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki. A ciki a rubuta sunan wurin, irin aikin, yawan albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin da za a bayar kafin rabuwa. Wannan ya hau kanka ko da mutum ɗaya ka ɗauka.

Sai dai a lura da wanda dokar ke kira ma'aikaci. Tana nufin masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja, akanta ko injiniya, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ne madogararsu. Iyalan mai gida ma an cire su daga wannan ma'anar, abin da ya shafe mu sosai tunda rabin yaran shago a nan 'yan gida ne.

Inda masu gida suka fi yin tuntuɓe shi ne cire kuɗi daga albashi. An saba: ka makara a cire dubu ɗaya, ka fasa tire a cire kuɗinsa. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Idan ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya, idan aka haɗa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Shi kansa albashin, tsakanin biya da biya kada ya wuce wata guda. "Kasuwa ba ta yi ba, a yi haƙuri" magana ce ta zumunci, amma kotu ba ta karɓarta a matsayin hujja.

Hutu ba shi da sarƙaƙiya. Bayan shekara ɗaya cur, aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken albashi. Rashin lafiya da takardar likita, har kwana 12 a shekara ana biya. Mai juna biyu tana da mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a wurin. In ta dawo tana shayarwa, a ba ta rabin awa sau biyu a rana.

Sallama kuwa tana da ma'auni a sashe na 11. Wanda bai wuce wata uku ba, notis ɗin kwana ɗaya. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Biyar zuwa sama, wata guda. Notis ɗin mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan takardarku ta ce wata uku, wata ukun ne. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, irin waɗannan shari'o'i na hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Jos, kuma tana da hurumin duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Shi ya sa a ganina kada mai gida ya sallami kowa ba tare da dalili a rubuce ba, da shaidar cewa an ji ta bakinsa.

Sauran nauyin yana bin yawan ma'aikata. Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho ko na wucin gadi a gona. To amma makarantar kuɗi a Bukuru, idan aka ƙirga malamai, direba, mai shara da mai gadi, sau da yawa ta haura 25 mai ita bai ankara ba.

Dokar fansho ta 2014 ta ambaci ma'aikata 15 zuwa sama ƙarara, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana neman wurin da ke da uku ma ya shiga. Mai gida zai zuba kashi 10 cikin 100 na albashin wata, ma'aikaci kashi 8, a tura wa kamfanin fansho cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya cire kashi 8 ɗin ya juya shi a kasuwa ya taɓa amanar wani, ga tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 duk wata. Akwai kuma inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara.

Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata yana tafiya NSITF, asusun biyan diyyar raunin aiki, a ƙarƙashin dokar diyya ta 2010, kuma wannan bai jira yawan ma'aikata. Daga asusun ake biyan wanda injin markaɗe ya cinye wa yatsa ko wanda ya faɗo daga gini. Wani kashi 1 na albashin shekara na ITF ne, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, wanda hedikwatarsa ke nan Jos a titin Miango. Gyaran dokar 2023 ya mai da shi kan mai ma'aikata 25 zuwa sama, kuma wanda ya horar da mutanensa ya ajiye shaida yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya.