Ma'anar "ɓacewar dabbobin daji" da ake ta faɗi a rediyo

Kwanakin nan da wuya a buɗe rediyo a Maraɗi ba a ji wani jami'i ko ɗan siyasa yana cewa dabbobin daji suna "fuskantar barazanar ɓacewa" ba. Abin da ake son faɗi sananne ne, wato wani jinsin dabba ya yi ta raguwa har a wayi gari babu ko ɗaya da ya saura. Kalmar da aka zaɓa ce take damuna.

A Hausa, abin da ya ɓace cigiyarsa ake yi. Idan akuya ta ɓace ranar kasuwa, mai ita yakan bi unguwa-unguwa yana faɗin kamanninta, ja ce mai farin goshi da tsaga a kunnen hagu, domin yana da yaƙinin tana nan wani wuri tana cin dusar wani. Saboda haka duk wanda ya ce dabba ta ɓace, ya bar wa mai sauraro ƙofar fata, kuma ya ɓoye mai laifi, tun da ɓacewa aiki ne da ba ya buƙatar hannun kowa. Kalmar da ta dace ita ce ƙarewa, kuma inda aka san musabbabi, gara a fito fili a ce an ƙarar da ita.

Ƙarewar ma hawa-hawa ce, kuma a nan masu magana suka fi rikicewa. Ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta bambanta jinsin da ya ƙare ƙurmus a duniya da wanda ya ƙare a daji amma ana kiwon ragowarsa a killace, sannan akwai wanda ya ƙare a wani yanki kawai.

Mariri ya isa misali, wato farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, wadda Buzaye suke yin garkuwa da fatarta. Tana cikin dabbobin da aka keɓe gandun dajin Gadabeji, a yankin Dakwaro, domin kare su a shekarar 1955. Mafarautan da suke bin ta a kan raƙumi da doki sun daɗe suna kashe ta ba tare da sun ga bayanta ba. Da mota da bindigar zamani suka shigo, sai aka riƙa bin garke a fili ana kora har ya gaji ya tsaya, a harbe na harbewa. Rijiyoyin burtsatse kuma suka kai shanu da tumaki makiyayar da a da ba sa iya zama a cikinta da rani, sannan farin shekarun 1970 da 1980 ya tarar da ragowar a raunane. A shekarar 2000 aka ayyana cewa mariri ya ƙare a daji. Wanda zai ce sauyin yanayi ne ya ɓatar da shi, kamar yadda ake yawan faɗi a taruka domin yanayi ba ya zuwa kotu, ya tsallake rabin labarin da gangan, ganin cewa dabbar ta sha fari iri-iri shekaru aru-aru ba ta ƙare ba. Da yake akwai waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje, an fara sake sakin su a ƙasar Cadi a 2016, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire jinsin daga sahun waɗanda suka ƙare a daji.

Raƙumin dawa kuwa bai kai ga ƙarewa a daji ba. A 1996 kimanin 50 kawai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, sakamakon farauta da sare daji don noma da itacen girki, amma yanzu sun haura 600, har a 2018 aka ɗauko 8 aka kawo Gadabeji. Manoman da yake ci wa wake a gona suna da nasu ra'ayin game da wannan nasara, kuma ban ga laifinsu ba.

Wadda ba a cika ambata a jawabi ba ita ce ungulu, wataƙila don ba ta da kyan da za a sa a allon talla. Duk wanda ya girma kusa da mahauta yana tuna yadda suke jeruwa a kan katanga tun da hantsi, wuya a tsuke, suna jiran a watsar da tumbi, yara na jifa ba sa ko motsawa. Yau mutum zai yi mako bai ga ɗaya a wurin ba. Gubar da ake sa wa mushe don kashe kura da dila tana hallaka su da yawa a lokaci guda, kuma ana sayar da kawunansu da ƙafafunsu ga masu tsibbu, abin da ya sa tun 2015 aka sanya irin wadda muka saba gani a gari cikin sahun da ke dab da ƙarewa. Na tambayi wani dattijon mahauci, na ce: "Baba, ina ungulayen nan suka tafi?" Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, ya ce in je layin masu magani ranar kasuwa in duba kan tabarma.